Faɗuwar Ƙarya A Filin Ƙwallo: Wayo Ne Ko Shaidar Zur?

Ranar 3 ga watan Yuni na shekarar 2002, a birnin Ulsan na Koriya ta Kudu, Barazil ta kara da Turkiyya a gasar cin kofin duniya. Wasa ya zo gab da tashi, Barazil tana da ci 2, Turkiyya tana da 1, Rivaldo yana tsaye a kusurwar fili zai buga kwana, yana ta jan lokaci. Sai Hakan Unsal na Turkiyya ya fusata ya dako masa ƙwallon, ta same shi a ƙafa. Abin da ya biyo baya kuwa, duk wanda ya kalli wasan ya gani da idonsa. Ƙwallo ta bugi ƙafa, amma sai mutumin nan ya dafe fuska da hannu biyu, ya zube ƙasa yana birgima kamar wanda aka watsa wa barkono a ido. Alƙalin wasa ya zaro katin gargaɗi na biyu, ya kori Unsal daga fili.

Daga baya Rivaldo da bakinsa ya yarda cewa ƙwallon ba ta taɓa fuskarsa ba. Hukumar FIFA ta ci shi tarar kuɗin da ba su taka kara sun karya ba ga mai albashi irin nasa, ba ta dakatar da shi ko na wasa ɗaya ba. Ya ci gaba da bugawa har Barazil ta ɗauki kofin a wannan shekarar, aka rataya masa lambar zinare yana murmushi.

Wannan ita ce matsalar da ya kamata 'yan'uwa matasa ma'abota kallon ƙwallo su tsaya su yi wa duba na tsanaki. A kowane mako ana ganin ƙato lafiyayye ya shiga da'irar sha takwas ta abokan hamayya, ba a taɓa shi ba, ko kuma an ɗan goge shi, sai ya yanke jiki ya faɗi yana ihu don a ba shi bugun fenariti. A gidajen kallo kuma sai a ji ana tafi, wai ya iya wasa, wai yana da ƙwaƙwalwa. To, magana ta gaskiya ita ce, wanda ya faɗi alhali ba a kayar da shi ba, ya ba da shaida ne a gaban alƙali a kan laifin da ba a aikata ba, don a hukunta wanda bai ji ba bai gani ba. Jikinsa ya yi amfani da shi a maimakon harshe, iyakar bambancin ke nan. Kuma mai kallon da ya tafa masa don rigarsu ɗaya, shi ma yana da kasonsa a ciki.

ASALIN BUGUN FENARITI

Abin mamaki shi ne, shi wannan bugu da ake ha'inci don a samu, tun farko don maganin ha'inci aka ƙirƙiro shi. A farkon tarihin ƙwallon ƙafa babu fenariti. Wani mai tsaron raga ne mai suna William McCrum, daga ƙauyen Milford na ƙasar Ayalan, ya kawo shawarar a 1890, bayan ya gaji da ganin 'yan baya suna tare ƙwallo da hannu ko suna sare 'yan gaba a bakin raga ba tare da wani hukunci mai zafi ba. Da farko dariya aka yi wa shawarar tasa. Sai a farkon 1891, a wani wasan cin kofin FA tsakanin Notts County da Stoke, wani ɗan bayan Notts County ya sa hannu ya tare ƙwallon da za ta shiga raga. Aka ba Stoke bugun tazara a dab da layi, gola ya zo ya tsaya ƙyam a gaban ƙwallon ya tare, Notts County ta wuce da ci 1 da nema. Bayan 'yan watanni, a watan Yunin 1891, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta amince da bugun fenariti.

Har a lokacin akwai waɗanda suka ɗauki dokar a matsayin cin fuska. An ruwaito cewa 'yan ƙungiyar Corinthian ta Ingila, waɗanda ba don kuɗi suke wasa ba, idan aka ba su fenariti sai su barar da shi da gangan, idan kuma a kansu aka bayar sai golansu ya koma gefe ya bar raga a buɗe. Hujjarsu ita ce mutumin kirki ba zai yi keta da gangan ba, in kuwa har ya yi, to bai dace ya nemi tsira daga sakamakonta ba. Mai karatu ya kwatanta wannan da abin da ake gani yau. Dokar da aka kafa don kare wanda aka zalunta a bakin raga, ita ce ta koma makamin da ake zaluntar mai tsaron baya da shi.

LISSAFIN DA KE BAYAN FAƊUWAR

Wanda bai san lissafin ba zai ɗauka raki ne kawai ke damun waɗannan 'yan wasa. Ba raki ba ne, ciniki ne. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, ƙwallo 169 aka ci a wasa 64, wato ko uku-uku ba su cika ba a kowane wasa. Shi kuwa fenariti, daga yadi 12 ake buga shi, daga kai sai mai tsaron gida, kuma a manyan gasa kusan uku cikin kowane huɗu suna shiga raga. Ke nan wanda ya samo fenariti ya samo abin da ƙungiyarsa za ta iya shafe minti casa'in tana gumi ba ta samu ba.

To mene ne hukuncin wanda aka kama? Doka ta 12 cikin dokokin wasan ta ce wanda ya yi ƙoƙarin yaudarar alƙali, katin gargaɗi ne nasa. Ɗan wasa sai ya auna: in an yarda da shi ya sami ci, wataƙila ma a kori wanda ya tare shi, in an gano shi, kati mai ruwan ɗorawa ne, wasa ya ci gaba. Ga kuma miliyoyin kuɗi da suka rataya a kan maki ɗaya, na tsallake faɗawa rukuni na ƙasa ko na shiga gasar zakarun Turai. Duk kasuwar da ribar algus ta ninka tararsa, to sai mai tsoron Allah ne kaɗai ba zai yi algus a cikinta ba.

Misalin Andreas Moller na ƙungiyar Borussia Dortmund ya isa hujja. A watan Afrilun 1995, Karlsruhe tana cin Dortmund 1 da nema, sai Moller ya shiga da'ira ya tashi sama ya faɗi, alhali mai tsaron bayan da ke kusa da shi, Dirk Schuster, ko rigarsa bai taɓa ba. Aka ba da fenariti, Dortmund ta farke, ta kuma ƙara, aka tashi 2 da 1. Hukumar ƙwallon Jamus ta dakatar da Moller wasa biyu, ta ci shi tarar kuɗin Jamus dubu 10. Amma makin wasan ya zauna a aljihun Dortmund, kuma a ƙarshen kakar da tazarar maki ɗaya tak ta ɗauki kofin Jamus a kan Werder Bremen. Jamusawa suna kiran irin wannan faɗuwa da sunan tsuntsuwar nan tsattsewa, saboda yadda take shawagi ƙasa-ƙasa. Shi kuwa Moller cewa ya yi wai faɗuwar kare kai ya yi, don gudun kada a ji masa rauni.

Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. A filin ƙwallo dai, in za a faɗi gaskiya, takan yi 'ya'yan da ake gani a teburin maki. Abin da ba ta iya bayarwa shi ne mutunci, domin har yau in aka ambaci faɗuwar ƙarya a Jamus, sunan Moller ne ke fara zuwa bakin mutane, duk da irin kofunan da ya ci.

SU DA BAKINSU

Kada wani ya ce zato ne ko sharrin 'yan adawa. Masu abin sun sha faɗa da bakinsu. Diego Simeone na Ajantina ya yarda cewa ya zuzuta ɗan shurin da David Beckham ya yi masa a gasar 1998, har aka kori Beckham. Luis Suarez, lokacin yana Liverpool, ya yarda a farkon 2013 cewa da gangan ya faɗi a wasansu da Stoke don neman fenariti, har kocinsa Brendan Rodgers ya fito ya ce ba za a lamunci wannan ba. Arjen Robben na Holan, bayan wasansu da Meziko a 2014, ya nemi afuwa kan cewa ya yi faɗuwar ƙarya kafin a tafi hutun rabin lokaci, sai dai ya dage cewa fenaritin ƙarshe da aka ba shi a kan Rafael Marquez, wanda Huntelaar ya ci aka fitar da Meziko, na gaskiya ne. Mutanen Meziko ba su yarda ba. Kuma ta yaya za su yarda? Wanda ya ce ya yi ƙarya da safe, ba shi da bakin yin fushi in an ƙi gaskata shi da yamma.

Akwai kuma wata tatsuniya da 'yan jaridar Ingila suka daɗe suna yaɗawa, wai faɗuwar ƙarya cuta ce da baƙi suka shigo musu da ita daga Kudancin Amurka da kudancin Turai. Sai ga ɗansu Michael Owen a 2012 ya fito ya ce, a fenariti biyun da ya samo wa Ingila a kan Ajantina, na 1998 da na 2002, an taɓa shi, amma da ya so tsayawa a kan ƙafafunsa da ya tsaya. Ashe abin ba shi da ƙasa, ba shi da launin fata. Duk inda aka haɗa kwaɗayi da sassaucin hukunci, nan yake tsirowa.

UZURORIN MASU KARE TA

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, domin ba duk maganarsu ce ta banza ba.

Na farko suna cewa mutumin da ke gudu da iyakar ƙarfinsa, ɗan taɓi kaɗan a diddige ya isa ya kifar da shi, kuma hoton da aka rage wa sauri yakan nuna kamar ba a yi komai ba. Wannan gaskiya ne. Akwai kuma mai tsalle don tsira da ƙafarsa. Eduardo na Arsenal, wanda aka yi wa ca a watan Agustan 2009 kan faɗuwarsa a gaban golan Celtic, shi ne dai aka karya wa ƙafa mummunar karaya a Birmingham a watan Fabrairun 2008. Hukumar UEFA ta dakatar da shi wasa biyu, amma da aka ɗaukaka ƙara sai ta janye hukuncin, don an kasa tabbatar da cewa yaudara ya yi niyya. Saboda haka ba kowace faɗuwa ce ƙarya ba, kuma mai gaggawar tuhuma shi ma yana iya zama azzalumi.

Na biyu suna cewa alƙalai ne suka koya wa 'yan wasa faɗuwa. Sau nawa aka ja rigar ɗan gaba ko aka taɗe shi, ya yi ta maza ya tsaya da ƙafarsa, ƙwallo ta kuɓuce masa, alƙali ya kau da kai? Gobe in aka sake taɓa shi, ai ya san abin yi. Nan ma akwai ƙamshin gaskiya, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Alƙalin da ba ya hura usur sai ya ga mutum a kwance, ya sanar da kowa ke nan cewa mai gaskiya shi ne mai asara. Gyara a nan yana wuyan hukumomin alƙalai: a hukunta keta ko da wanda aka yi wa bai faɗi ba.

Amma wannan uzuri iyakarsa wanda aka yi wa keta da gaske. Bai rufe wanda ba a taɓa ba, bai rufe mai miƙa ƙafarsa da gangan ta bugi ta mai tsaron baya sannan ya zube ba, bai kuma rufe wanda aka taɓa a kafaɗa ya dafe ido ba.

Na uku suna cewa ai ƙwallo dama wasan dabara ne, yanka ma yaudara ce. Wannan ita ce hujja mafi rauni. Mai yanka abokin karawarsa yake ruɗawa, wanda ya shigo fili da sanin za a yi masa haka, shi ma kuma yana da damar ramawa. Mai faɗuwar ƙarya kuwa alƙali yake ruɗawa, mutumin da ɓangarorin biyu suka amince ya tsaya tsakaninsu. Ɗan kasuwar da ya fi maƙwabcinsa iya jawo mai saye, gwani ne. Wanda ya lanƙwasa gindin mudu, sunansa daban ne, ko da kuwa ya fi kowa ciniki a ranar.

KO NA'URA ZA TA YI MAGANI?

Hukumomi sun gwada hanyoyi biyu. Ta farko ita ce hukunci bayan wasa. A 2017 hukumar ƙwallon Ingila ta kafa dokar dakatar da ɗan wasa na wasa biyu idan yaudararsa ta jawo fenariti ko jan kati, da sharaɗin mutum uku, tsohon alƙali da tsohon koci da tsohon ɗan wasa, su kalli hoton su haɗu a kan ra'ayi ɗaya. Oumar Niasse, ɗan Sanagal da ke Everton, shi ne na farko da dokar ta hau kansa a gasar Firimiya, bayan wasansu da Crystal Palace a watan Nuwamban wannan shekara, sai Manuel Lanzini na West Ham a Disamba. Sai dai ko a nan, ƙungiyar da aka cuta ba a mayar mata da makinta.

Hanya ta biyu ita ce na'urar taimaka wa alƙali, wadda aka sani da VAR, da aka shigar cikin dokokin wasa a 2018. Ta yi amfani, babu musu. A gasar Rasha, alƙali Bjorn Kuipers ya ba Neymar fenariti a wasan Barazil da Kosta Rika, ya je ya kalli hoton, ya dawo ya soke. Amma kati bai ba shi ba a kan faɗuwar. Kuma a wannan gasar ce aka ba da fenariti 29, alhali kafin nan ba a taɓa wuce 18 ba a gasa guda.

To a nan gizo ke saƙar. Ƙa'idar na'urar ita ce ba ta sauya hukuncin alƙali sai in kuskuren a fili yake ƙarara. Su kuwa 'yan wasa sun gane. Yanzu ba kasafai ake faɗuwa ba tare da taɓi ba, sai dai a je a nemo taɓin, a ja ƙafa a baya har ta gogi ta wani, sannan a zube. Hoto zai nuna an taɓa, magana ta ƙare. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar Turai da aka buga a Wembley a watan Yulin 2021, an ba Raheem Sterling fenariti a ƙarin lokaci a kan Danmak, bisa wani taɓi da masana da yawa suka ce bai kai ya kawo ba. Na'ura ta duba ta bar hukuncin yadda yake, Harry Kane ya buga, gola ya tare, ya sake bi ya ci, Ingila ta wuce. Na'ura tana iya nuna ƙafa ta haɗu da ƙafa. Ko taɓin ne ya kayar da mutum ko shi ya zaɓi faɗuwa, wannan ɗan wasan ne ya sani, sai kuma Wanda Ya halicce shi.

Akwai ma wani nau'in da ba faɗuwar ƙarya ba ne, shiru ne a kan kuskure. A watan Nuwamban 2018, shi dai Sterling ɗin, yana Manchester City, ya zo buga ƙwallo a wasansu da Shakhtar sai ya shuri ƙasa ya faɗi shi kaɗai. Alƙali ya nuna fenariti. Bai yi yaudara ba, amma bai je ya ce wa alƙali ba a taɓa shi ba, sai bayan an tashi wasa 6 da nema ya ba da haƙuri. Haƙurin bayan tashi kuwa ba ya cire ƙwallo daga raga.

WAƊANDA SUKA FAƊI GASKIYA

Masu cewa gaskiya ba ta yiwuwa a ƙwallon kuɗi, tarihi ya ƙaryata su. A watan Maris na 1997, a filin Highbury, Robbie Fowler na Liverpool ya tsallake golan Arsenal David Seaman ya faɗi, alƙali ya nuna fenariti. Fowler ya miƙe yana kaɗa hannu yana nuna wa alƙali cewa ba a taɓa shi ba. Alƙali ya ƙi janyewa. Fowler ya buga, Seaman ya tare, Jason McAteer ya bi ya ci. Fowler bai yi da'awar cewa da gangan ya barar ba, ya ce bugun ne bai yi kyau ba, wanda wannan ma wata gaskiyar ce. UEFA ta yaba masa a hukumance.

Miroslav Klose na Jamus sau biyu ya yi. A 2005, yana Werder Bremen, ana canjaras babu ci da Arminia Bielefeld, aka ba shi fenariti, ya je ya shaida wa alƙali cewa gola ƙwallo ya fara taɓawa, aka soke. A 2012, yana Lazio, ya ci Napoli da hannu, alƙali ya amince da cin, shi kuma ya yarda cewa hannu ne, aka soke, Lazio ta sha kashi 3 da nema a ranar. Wannan mutumin ne a 2014 ya kafa tarihin cin ƙwallo 16 a gasar cin kofin duniya, ya kuma ɗauki kofin. Gaskiyar ba ta rage shi da komai ba.

A 2003 kuma, a wani wasa a Hon Kon tsakanin Danmak da Iran, wani ɗan Iran ya ji usur daga cikin 'yan kallo, ya zaci an tafi hutu, ya ɗauki ƙwallo da hannu a cikin da'irarsu. Bisa doka fenariti ne. Kyaftin ɗin Danmak, Morten Wieghorst, ya shawarci kocinsa Morten Olsen, sannan ya zo ya buga ƙwallon waje da gangan. Danmak ta yi rashin nasara 1 da nema. Ko Cristiano Ronaldo, wanda aka daɗe ana zargi da saurin faɗuwa, a watan Nuwamban 2023 a wasan Al-Nassr da Persepolis, da aka ba shi fenariti sai ya ɗaga yatsa ya nuna wa alƙali cewa babu laifi, aka duba aka soke, aka tashi babu ci.

Abin lura shi ne, waɗannan labarai ana iya ƙirga su da yatsu, shi ya sa ake ba da lambar yabo a kansu. Sana'ar da faɗin gaskiya ya zama abin ba da lamba a cikinta, to lallai tana buƙatar gyara tun daga tushe.

MUDU BIYU A GIDAN KALLO

Yanzu magana ta iso kan mai kallo, domin shi ne wannan jarida take isa hannunsa, ba Neymar ba. A watan Satumban 2003, Portsmouth tana cin Arsenal a Highbury, Robert Pires ya faɗi a kan ƙafar Dejan Stefanovic, faɗuwar da har yau ake jayayya a kanta. Henry ya ci fenaritin, aka tashi 1 da 1, Arsenal ta ƙare kakar ba a doke ta ba. Bayan shekara guda, a watan Oktoban 2004, a Old Trafford, Wayne Rooney ya faɗi kusa da ƙafar Sol Campbell, aka ba da fenariti, Van Nistelrooy ya ci, tarihin Arsenal na wasa 49 ba a doke ta ba ya tsaya a nan. A je gidan kallo a tayar da zancen. Ɗan Arsenal zai rantse Rooney ɓarawo ne, Pires kuwa an taɓa shi. Ɗan United zai rantse da akasin haka. Hoto ɗaya suka kalla, riga ce ta bambanta.

Ko a nan gida akwai abin tunawa. A gasar 1994 a Amurka, Nijeriya tana cin Italiya 1 da nema ta ƙafar Emmanuel Amuneke, sai aka kori Gianfranco Zola minti 12 kacal da shigowarsa, bayan wata 'yar arangama da Augustine Eguavoen, hukuncin da masu sharhi da dama suka ce ya yi tsauri ƙwarai. Ba a ji wani ɗan Nijeriya yana kuka da alƙali a lokacin ba. Sai da Roberto Baggio ya farke, aka shiga ƙarin lokaci, aka ba Italiya fenariti a kan shi Eguavoen ɗin, sannan aka tuna cewa alƙali na iya yin kuskure. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa yana hango na wani.

A nan ne lamarin ya taɓa tarbiyya. Ɗalibin Islamiyya ya san akwai sura guda a cikin Alƙur'ani da aka yi wa suna da masu tauye mudu, waɗanda ke cika awo in su za su karɓa, su rage in su za su bayar. Ya san labarin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, da irin tsawatarwar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi masa. Ya kuma san an lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai. Yanke hukuncin shari'a a kan abin da ɗan ƙwallo ya yi aikin malamai ne. Amma ba sai an zama malami ba kafin a gane cewa matashin da ya saba yi wa ƙarya tafi duk ranar Asabar saboda ta amfani ɓangarensa, yana horar da zuciyarsa ne a kan wata ɗabi'a, kuma ɗabi'a ba ta tsayawa a ƙofar gidan kallo. Za ta bi shi shago, ta bi shi ɗakin jarrabawa, ta bi shi ranar da aka kira shi shaida tsakanin abokinsa da wani bare.

Ga kuma ƙanne suna kallo. Duk wanda ya leƙa filayen unguwa da la'asar zai ga yaro ɗan shekara goma, babu takalmi a ƙafarsa, an ɗan ture shi ya faɗi yana birgima a cikin ƙura yana dafe da fuska. A talabijin ya gani, ya kuma ga yayyensa suna yabawa.

ABIN DA YA KAMATA

Ga hukumomi, hanya a bayyane take. A sa hukuncin ya fi ribar nauyi, ta yadda wanda hoto ya tabbatar ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba zai sha dakatarwa mai tsawo, ko an ba da fenaritin ko ba a bayar ba, in ya maimaita a ninka, ƙungiyarsa ma ta ji a jikinta. A umarci alƙalai su hura usur ga wanda aka yi wa keta ya daure ya tsaya. Kuma inda akwai shakka a bar mutum da shakkarsa, kada a gyara zalunci da wani zaluncin.

Ga 'yan'uwa matasa kuwa, ba su da kujera a FIFA, amma suna da bakinsu da filin unguwarsu. Mai goyon bayan ƙungiya ya gwada kansa ranar da ɗan wasansa ya faɗi ba a taɓa shi ba, ya ga ko zai iya buɗe baki a tsakiyar gidan kallo ya ce wannan ba fenariti ba ne. Masu horar da yara su fitar da duk yaron da ya yi faɗuwar ƙarya ya zauna a benci, ko da shi ne gwanin ƙungiyar. Wanda kuma yake bugawa, in alƙali ya ba shi abin da ba haƙƙinsa ba, ya tuna an yi wani Klose da ya mayar, kuma bai fasa zama zakara ba.

Allah Ya sa a dace, Ya ba matasa ikon tsayawa a kan gaskiya ko da a kan ɓangarensu ne. Wassalam.